Malam Jatau, Mai Fitilun Lambu

Da an sallame sallar asuba a masallacin unguwarsu a Talata Mafara, Malam Jatau ba ya komawa ya kishingiɗa kamar sauran dattawa. Shagonsa yake wucewa, wani ɗan ɗaki mai ƙofar langa-langa da ke jingine da katangar gidansa. Sai ya buɗe, ya share, ya fito da farantan sola ya jera su a bakin ƙofa suna fuskantar gabas. Kafin matarsa Ummulkhairi ta miƙo masa kunu ta ƙofar zaure, ya riga ya duƙufa a kan wata fitila da aka kawo masa jiya a mace, ya kwance cikinta, yana bin wayoyinta da ido ta saman tabarau. Kafin bana, idan hantsi ya ɗaga, sai ya ɗaure tsani a gefen babur, ya rataya jakar kayan aiki, ya ce wa Ummulkhairi sai ya dawo. Yau Bakura, gobe Maradun, jibi wani ƙauye da ko masu kabu-kabu sai an lallashe su suke zuwa.

Aikinsa sa fitila ne, amma ba ta cikin ɗaki ba. Ta waje yake sawa: a lambu, a tsakar gida, a bakin rijiya, a bayan katanga, a turken dabbobi. Shekara da shekaru yana wannan aiki, ba allo a ƙofar shagonsa, ba a taɓa kiran sunansa a rediyo ba. Bana ya ajiye hawan tsani. Shi ya sa ya kamata a tsaya a faɗi ko wane ne shi tun yana ji da kunnensa.

A hannun mahaifinsa ya fara sanin fitila, lokacin da gyaran fitilar ƙwai da risho sana'a ce da ake ci da gida da ita. Da wutar lantarki ta yawaita, ya koyi jan waya. Da sola ta shigo, furfura ta riga ta fara fito masa, abokansa da yawa suka ce sun tsufa da sabon karatu. Shi kuwa ya sayi wata da ta lalace, ya kwance ta, ya mayar, ya sake kwancewa, ya yi ta tambayar waɗanda ya haifa ba tare da jin kunya ba, har ya gane kanta.

Wanda duk ya taɓa kiransa aiki ya san wata ɗabi'a tasa. Ranar farko ba ya kafa ko ƙusa. Yakan zo da la'asar, a gaisa a tambayi iyali da gajiya, sannan ya nemi a ba shi tabarma a tsakar gida. Nan zai zauna yana kallon yadda mutanen gidan ke kai da komo: ina mata ke bi zuwa madafa, ina tsohuwa ke taka dutse in za ta ban ɗaki, wane lungu ne yake fara yin duhu. Sai an kira magariba zai tashi. Washegari ya dawo da kaya, ya riga ya san inda kowace fitila za ta zauna.

Alhaji Mas'ud, wani ɗan kasuwar hatsi a Mafara, har yau yana ba da labarin yadda suka kwashe da shi. Ya gina gida, ya yi lambu a gabansa: mangwaro, dabino, furanni, har da ɗan tafki da aka zuba wa kifi. Ya sayo wata ƙatuwar fitila irin ta filin ƙwallo, ya ce a kafa ta a kan dogon ƙarfe, yadda duk wanda ya shigo unguwar zai san an yi gida.

Malam Jatau ya dubi fitilar, ya dubi katangar maƙwabta. Ya ce, “Alhaji, wa ke bayan katangar ga?”

“Gidan Hajiya Taiba ne. Mi ya hwaru?”

“In nis sa ta inda kac ce, haskenta tsakar gidansu za shi sauka. Ga bazara tahe, mata waje suka kwana. Kana so a ce kai ka hana su shimhiɗa tabarma?”

Alhaji Mas'ud ya ce ransa ya ɓaci a lokacin, har ya ce masa in ba zai yi ba akwai masu yi. Malam Jatau bai yi musu ba. Ya ce, “Akwai su, Alhaji. Amma ka ba ni dama in gwada maka wani abu. In bai yi maka ba, ni da kaina ni kira maka su.”

Ya kafa ƙananan fitilu a gindin itatuwa suna kallon sama, hasken ya riƙa bin jikin dabinon har ganyensa. Ya jera wasu gajeru a gefen hanyar shiga, ya ɓoye ɗaya a bakin tafkin. Ƙatuwar kuwa ya kai ta ƙofar gida, ya sunkuyar da kanta ƙasa. Da rana ta faɗi suka kama da kansu, Alhaji Mas'ud ya tsaya a tsakiyar lambun ya riƙe baki. Ya ce shi dai ya san ya shuka dabino, amma bai san yana da kyau haka ba sai ranar. Hajiya Taiba kuwa ba ta ma san an yi wannan magana a kanta ba.

Amma aikin da ya fi zama a bakin mutane shi ne na gidan Turai a Bakura.

Turai mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya mata da gida a bakin gari. A bayan gidan akwai lambun da marigayin ya kafa da hannunsa: gwaiba, lemun tsami, ayaba, layin zogale, da rijiya a tsakiya. Da lambun nan take riƙe da gidan. Ta tsinki zogale ta dafa a kai talla, ta sayar da gwaiba, ta yi kiwon awaki a gefen katanga. Ba a daɗe da fitarta takaba ba aka fara haurowa. Aka ɗauki akuya. Aka dawo aka ɗauki wata. Wata safiya ta ga sawun takalmi ba a turke kaɗai ba, har kusa da tagar ɗakin da 'ya'yanta ke kwana. Daga ranar, da an yi magariba sai su kulle kansu a ɗaki, ko alwala a ciki suke yi.

Wan mijinta, Malam Maiwada, mutumin kirki ne, tsoro ne ya kama shi. Ya zo daga Dosara ya ce ta tattara ta koma cikin dangi, a sayar da gidan da lambun. Turai ta ce a ba ta lokaci. Ita ce ta aika wa Malam Jatau, don ta ji labarinsa a bakin wata mai sayen zogalenta.

Ranar da ya zo, ya tarar da Malam Maiwada a zaure. Bayan doguwar gaisuwa, Malam Maiwada ya ce, “Malam, ba raina sana'arka ni kai ba. Amma ka san zamanin da muke ciki. Yanzu gidan da yay yi haske shi aka hange daga nesa. Ka zo ka haska gidan mata a bakin gari, ai ka nuna shi ke nan.”

Da wani mai sana'ar ne, da sai ya yi dariya ya ce tsohon tunani ne. Malam Jatau ya gyaɗa kai. Ya ce, “Maganarka gaskiya ce, Malam Maiwada. Kuma ba ni yi maka ƙarya, hitila ba ta tare mai bindiga. Wannan sai Allah. Amma wanda ka hauro katanga shi ɗai da igiya, duhu shika biya. In kun yarda, ni sa wadda ta ciki za ta gani, na waje ba ya hange ta.”

Turai tana bayan labule tana ji. Ta ce, “Yaya, a bari shi gwada. In bai yi ba, na bi ka Dosara, ba ni ƙara cewa komi.”

Malam Maiwada ya ce to.

Malam Jatau ya zauna a lambun har rana ta faɗi, kamar yadda ya saba. Washegari ya dawo da gajerun fitilu waɗanda ba su wuce gwiwa ba, ya yanka tsofaffin gwangwanaye ya yi wa kowace hula, yadda haskenta ƙasa kawai zai zuba. Ya jera su daga ƙofar ɗaki zuwa rijiya, daga rijiya zuwa turke. Wanda ke kan hanya ba ya ganin komai, amma wadda ke ciki tana ganin inda take taka ƙafa. A kusurwar da katanga ta gajarta kuma ya kafa wata mai ƙarfi, irin wadda take zama a kashe sai ta ji motsi ta kama.

Aikin bai yi daidai da farko ba, kuma shi ne mutum na farko da zai gaya maka haka. Fitilar motsin nan ta riƙa kamawa ba dalili. Iska ta kaɗa ganyen ayaba, ta kama. Kyanwa ta gifta, ta kama. Duk kamawar da za ta yi sai gaban Turai ya faɗi, yara su ƙanƙame ta. Maimakon a samu barci, sai aka ƙara rasa shi. Ta kira shi a waya, ta ce, “Malam, ka zo ka cire abin ga. Gara duhun da shi.”

Bai ce ta yi haƙuri za ta saba ba. Ya hau babur ya zo. Ya tsaya ya ga yadda ayabar ke kaɗawa, ya ce, “Laihina ne, Turai. Na dubi katanga, ban dubi iska ba.” Ya sauya mata wuri, ya karkatar da idonta, ya rage mata saurin ji. Ya sa babbar 'yar Turai, Mufida, ta riƙa wucewa ta gindin katangar, shi yana gyarawa, har sai da ta zama mutum kaɗai take kamawa. Bayan haka ma ya yi ta biyowa in aiki ya kawo shi Bakura, ya leƙo ya tambaya ko an yi barci.

Aka yi kwanaki shiru. Turai ta koma ban ruwa da yamma, ta daina gudun magariba. Rannan tana bakin rijiya, ana tsakanin magariba da isha, mazan unguwa duk suna masallaci, sai kusurwar nan ta haske fayau. Ta ɗaga kai. Ga mutum a kan katanga, ƙafa ɗaya ciki ɗaya waje, igiya a hannunsa. Hasken ya daki fuskarsa sosai. Suka haɗa ido. Ita ta kasa ihu, shi ya kasa motsi. Can ya saki igiyar ta faɗo cikin lambun, ya dira ta baya, aka ji gudunsa cikin karan dawa.

Turai ta gane shi. Ba baƙo ba ne.

Da labari ya bazu, aka cika gidan ana tambayarta. Malam Maiwada ya zo da safe ya ce ta faɗi sunan ɓarawon a kai shi gaban hukuma. Ta ce ita dai ta ga mutum. Aka juya, aka juya, ba ta ƙara ko kalma ba. Sai da Malam Jatau ya zo duba fitilar, suna tsaye su biyu a bakin turke, ta ce masa a hankali, “Malam, na san shi. Uwarshi ta yi mani alheri ranar da ba ni da kowa. In nif faɗi, ita za ta mutu da kunya.”

Ya ce, “Kin tabbata ba shi dawowa?”

“Ya san na gane shi. Ba shi dawowa.”

“To ki bar shi a cikinki. Ni ma ban ji ba.”

Kuma bai ji ɗin ba. Wannan maganar ma daga bakin Turai ta fito, bayan shekaru, kuma har yau ba ta faɗi sunan ba. Abin da kowa ya gani shi ne, ba a ƙara haurowa ba. Bayan 'yan kwanaki aka wayi gari da akuya ɗaure a ƙofar gidan, ɗaya daga cikin waɗanda suka ɓata, ta rame amma da ranta. Ɗayar ba ta dawo ba.

Ba a sayar da lambun ba. Yanzu in ka je da yamma za ka tarar da matan unguwa zaune a gindin gwaiba suna tsinkar zogale, suna hira har a kira isha. A lambun aka yi kamun Mufida da za ta yi aure. Malam Maiwada kuwa, da kaka ta zo, shi da kansa ya hau mota har Mafara ya yi sallama a shagon. Ya ce, “Malam Jatau, irin na gidan ƙanena nika so a garkena. Masu hular nan.” Suka yi dariya, suka sha shayi, aka sa rana.

Ba duka ayyukansa ke da labari irin wannan ba. Yawancinsu ba abin da ya faru, kuma shi ne amfaninsu. Tsohuwa ta je ban ɗaki ta dawo ba ta faɗi ba. Mai gida ya ga kunama kafin ya taka ta. Liman ya fito asuba bai yi karo da kwata ba. Ba wanda ke zuwa ya yi godiya a kan abin da bai faru ba.

Akwai lokacin da hanyar Damaga ta yi nauyi saboda 'yan bindiga, masu sana'a da yawa suka daina shiga. Wani makiyayi, Hayatu, wanda Malam Jatau ya sa wa fitila a shingen shanunsa, ya aiko cewa batir ya mutu. Ummulkhairi ta tsaya a ƙofar zaure ta ce, “Malam, don Allah ka bari hanya ta lahwa.” Ya zauna ya yi tunani, bai yi mata gardama ba. Ya bi shawararta rabi: bai tafi shi kaɗai ba, ya jira ranar kasuwa ya bi ayarin mutane, ya gyara, ya juyo da rana tsaka. Hayatu ya ce abin da ya tsaya masa a rai ba gyaran ba ne. Ya ce, “Mun ɗauka an manta da mu. Sai ga tsoho da tsani.”

Kai ne wannan, Malam Jatau. Kai ne ka san cewa gida ba a ƙofar ɗaki ya ƙare ba, har da lungun da ba a kai baƙo. Kai ne kake tambayar wa ke bayan katanga kafin ka tambayi ina za a ja waya. Ka shiga gidajen mutane a lokacin da mata ke tsakar gida, ka ga abin da ka gani, ba a taɓa jin sirrin wani a bakinka ba. In aikinka ya yi kuskure, kai kake fara faɗa. Jatau na Ummulkhairi, maganin duhun bayan gida.

Ajiye aikin nasa ma ba da biki aka yi ba. A Maradun ne, a harabar wani masallaci da aka ce a sa wa fitilu a jikin itatuwan dogon yaro. Ya jingina tsani ya fara hawa, yana tsakiya gwiwarsa ta dama ta ƙi ɗaukarsa. Ta daɗe tana yi masa gargaɗi, yana shafa mata man zafi yana ci gaba. Ranar dai ta ƙi. Ya tsaya a wurin, ya dubi reshen da yake son kaiwa, sannan ya sauko a hankali. Misbahu na ƙasa riƙe da tsanin. Shi ne abokin aikinsa na shekaru, magidanci mai iyali, wanda ya koyi sana'ar a hannun Malam Jatau. Malam Jatau ya ciro filaya daga aljihu ya miƙa masa.

Misbahu ya ce, “Baba, ka huta kaɗan, sai ka koma.”

Ya ce, “A'a. Hau. Daga yau sama taka ce, ni ƙasa nike.”

Misbahu ya hau idonsa cike da ƙwalla. Malam Jatau ya koma gefe ya zauna a kan dakali, yana nuna masa da hannu: ɗan yi hagu, sunkuyar da ita, to haka. Da suka dawo gida ya gaya wa Ummulkhairi abin da ya faru, yana jiran ta yi jaje. Sai ta ce, “Alhamdulillahi. Gwiwar ga ta hi ni iya magana.” Ya yi dariya har da tari.

Yanzu Misbahu ke hawa babur. Malam Jatau yana shago, yana gyaran waɗanda aka kawo, yana karɓar baƙi. Ba ya cikin damuwa. Ya ce Allah ya ba shi sana'ar da ya so, ya ci da iyalinsa da ita, ya aurar da 'ya'yansa, kuma duk garin da ya shiga akwai gidan da za a shimfiɗa masa tabarma. Ya ce bai san abin da zai roƙa ya ƙara ba, sai cikawa da imani.

Mun gode, Malam Jatau. Turai ta gode, da 'ya'yanta. Hayatu ya gode. Waɗanda ba su san kai ka yi musu ba, mun gode a madadinsu. Allah ya ba gwiwar nan sauƙi, ya sa abin da ka yi ya tsaya maka ranar da kowa ke neman haske a gabansa.

Ku kuma masu tasowa, masu jan waya da masu kafa sola da ke cika kasuwannin Mafara da Bakura da Maradun, kayan aikinku sun fi nasa, kun fi shi saurin hannu. Ku ɗauki abin da ba a sayarwa a shago: ku zauna ku dubi gida kafin ku huda bango, ku saurari mai tsoro, ku koma in an kira ku. Mu sauran jama'a kuma, kada mu jira sai ranar da za a taru ana cewa ai mutumin kirki ne. Yana nan da ransa, a bakin shagonsa, ƙafa miƙe a kan buhu. In hanya ta biyo da ku, ku tsaya ku gaishe shi, ku ba shi hannu biyu. Sai dai ku shirya, don kafin ku tashi zai tambaye ku ko fitilar bayan gidanku tana kamawa. Ku faɗa masa gaskiya. In kun ce lafiya lau ma, sai ya turo Misbahu ya duba.